Alwala a Kan Ƙasar da Ba Ta Narkewa

Arewacin Alaska, 6 ga Nuwamba, 1994

Yaya Sanda,

Assalamu alaikum. Ina gaida Anti Turai da yara.

Ga yadda aikin da ka samo mini yake. Sojoji sun shimfiɗa filin saukar jirgi a kan ƙasar da ta daskare tun fil azal, kamfaninmu ke gwada ko za ta riƙe nauyi. Ni ke bin sandunan ƙarfen da aka kafa ina karanta ma'auni, wuni guda a fili. Yatsuna sukan yi fari fat, in daina jin su.

Azahar da la'asar a can suke riskata. Babu ƙasar taimama, ko dutse ba a gani, sai ƙanƙara. Don Allah ka tambayar mini limaminmu, Malam Abdulhamid, yadda zan yi. In babu mafita, dawowa zan yi.

Ƙaninka,
Ma'aruf

Greensboro, 19 ga Nuwamba

Injiniya,

Wa alaikumus salam. Turai tana amsawa.

Wace dawowa kuma? Saura wata shida kacal, kamfani ya cike maka takardar girin kad, ta izinin zama a Amurka. Ka san sau nawa na ɗauko Baturen nan, shugaban kamfaninku, a tasi daga filin golf na Sedgefield, ina ƙyaƙyata dariyar barkwancinsa mara gishiri, kafin ya karɓi takardunka? Har yau muƙamuƙina ciwo yake.

Na ga Malam bayan Juma'a. Ya ce mai ruwa ba ya taimama. Cika fulas da ruwan zafi, tuɓe safar hannu, shaf-shaf minti ɗaya ka gama. Sanyi kuwa, mu ma nan McLeansville, gefen Greensboro, jiya da kwalin kaset na kankare gilashin mota. Ba mu mutu ba. Daure, ɗan Hajiya.

Ka huta lafiya,
Sanda

Fairbanks, 8 ga Janairu, 1995

Yaya,

Salam. Wannan ba rubutuna ba ne. Dachung ne, ɗan Jos da ke aikin jinya a asibitin nan, yake rubuta abin da nake faɗa.

Na yi yadda Malam ya ce. Ranar Talata iska ta taso ina tsakiyar alwala, ta fizge safar, na kai hannu da lema na dafa sandar ƙarfe. Kafin motar sansani ta iso, awa guda. Sun yanke yatsu huɗu a dama, biyu a hagu.

Ka gaida Malam. Ka ce masa ban riƙe shi a zuciya ba.

Ma'aruf

Greensboro, 21 ga Janairu

Ma'aruf ƙanina,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kwana uku ban taɓa sitiyari ba.

Gaskiyar magana, wancan karon ban ga Malam ba, amsar tawa ce. Ran Juma'ar nan fasinja na samu zuwa Charlotte, na ce ai amsar a fili take, kuma in da sunana na faɗa ba za ka zauna ba. Jiya na kai masa wasiƙarka. Ya ce da ka fita da alwalarka daga sansani, ka haɗa sallolin biyu, shi ke nan. Sannan ya dube ni.

Amma saurara, kada a yi biyu babu. Akwai wani lauya a Elm Street, nakan kai shi kotu. Ya ce kada kalmar alwala ta fito daga bakinka. Ka ce safar ce ta yage, don kamfani ya biya ka diyya. Haka kawai, sauran ka bar mini.

Ka yafe mini, don darajar mahaifiyarmu.

Yayanka,
Sanda

Fairbanks, 2 ga Fabrairu

Yaya,

Salam. Na riga na faɗa wa kamfani gaskiya, sun sallame ni daga aiki. Ranar Alhamis mai zuwa zan sauka Greensboro. Kada ka zo, Malam zai ɗauke ni.

Hajiya ba ta sani ba tukuna. Wasiƙar da za a kai mata Kano kai za ka rubuta, tunda kai ke da yatsu. Kafin ka aika, za ka karanta mini ita a gaban Malam.

Wassalam,
Ma'aruf