Jirgin da Ke Tsoron Tsuntsu

Zuwa ga Yaya Munkaila, a Matameye.

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Baba da Inna da mai ɗakinka Ramatu da yara. Yaya damina a gonarmu ta Tsauni?

Yaya, na samu aiki a filin jiragen soja a nan ƙasar Turawa, kuma wallahi na ga abin mamaki! Akwai wani ƙaton jirgin yaƙi mai kai bom ƙasashe masu nisa. Injinsa takwas. Faɗin fikafikansa ya wuce mita hamsin. Bom ɗin da yake ɗauka ya kai nauyin buhun gero ɗari uku, kuma sai ya yi kilomita dubu goma sha huɗu bai sauka ba. In mansa ya yi ƙasa, wani jirgin ke zuba masa suna cikin tafiya a sama!

Ka san aikina? Korar tsuntsaye. Tsuntsu ɗaya in ya faɗa cikin injin sai ya lalata shi, don haka wannan dodon ba ya tashi sai mun zagaya filin mun kore su. Ka tuna Baba yana cewa ban iya komai ba sai kaɗa gwangwani a gona ina korar tsuntsayen jan-baki? Ka karanta masa nan wurin sau biyu.

Lafiyata lau. Sanyi ne kawai, sai ƙarar injin da ta ɗan taɓa min kunnen hagu. Likita ya ce mu jira mu gani. Kada Inna ta ji. In na kira ranar Juma'a, ka ce mata layin ne ba shi da kyau, ta riƙa ɗaga murya.

Allah ya ba da damina mai albarka.

Ƙaninka,
Ikrama