Furar da Muka Sha a Wurma

Dutsin-Ma, 16 ga Mayu, 1961

Zuwa ga taubashiyata Mairo, a Kurfi.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina maigidanki Malam Audi, ina yara? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Bayan haka, ke dai ba ki da kirki. Mun biyo ta Kurfi ran Juma'a, aka ce kin tafi suna a Rawayau. To ki ji abin da ya wuce ki. Kin san tun ɓarin da na yi jikina ya ƙi komawa daidai, abinci ma sai an yi da ni. Sai maigidana Malam Hudu ya ce yana tashin yara daga makaranta za mu tafi Wurma, gidan babanki Kawu Tukur, mu sha iska kwana biyu, wai haka ma'aikata ke yi yanzu. Na ce, "Malam, ba biki ba ta'aziyya, mu ce mun zo yin me?" Ya ce, "Mu ce mun zo zama." Ko aike ba mu yi ba. Na ɗaura goro da sabulu da kananzir, na ce ko mu ƙara da gero? Ya yi dariya, ya ce wa ke kai hatsi gidan manomi, ai zagi ne.

Mairo, na huta! Inno, mahaifiyarki, ta bar mana ɗakinta, ta hana ni taɓa ko tsinke. Yini nake a tabarma gindin tsamiyar nan, ba abin da nake ji sai kukan zabi. Malam kuwa, mai cewa shi ba ya barcin rana, sai ga shi shame-shame baki buɗe, har Kawu na kora mashi ƙuda.

Amma furar ita ce labari. Ran Juma'a tuwon ɗan kaɗan ne, Inno ta ce don ba ta san da zuwanmu ba. Daga Asabar kuwa sai ga fura fara tas, mai ƙanshi, da nonon safe. Ni da ban iya gama ludayi uku, na share ƙwarya guda na nemi ƙari. Inno ta yi ta kallona tana cewa, "Sha, ɗiyata, sha." Da za mu taho na roƙe ta tsabar geron, ta cika mani ɗan buhu. Malam shi ma tun ran Asabar ya hangi damin da ke rataye a saman ɗakin, ya ce bai taɓa ganin zangarniya mai tsawon haka ba, a ba shi ɗaya ya nuna wa 'yan makaranta. Kawu ya zaro mashi.

Yanzu ina cin abinci kamar mai noma. Ki gaida Malam Audi. Ki huta lafiya.

Taki,
Saudatu

Kurfi, 6 ga Yuni, 1961

Zuwa ga Saudatu.

Bayan gaisuwa da barka da salla. Na gode Allah da kika ji sauƙi, wannan har cikin raina na faɗa.

Wasiƙarki ta kwana ashirin a ƙarƙashin faifai, na rasa amsar da zan ba ki. Inno ta sa na yi mata alkawarin ba zan faɗa ba. To yau zan karya, Allah ya yafe mani, don in na yi shiru cikina zai fashe.

Ke Saudatu, idonki na ina? Kin manta bara ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina? Rumbun Baba tun watan azumi babu komai ciki sai ƙaiƙayi. Tuwon da kika raina ran Juma'a shi ne abincinsu na kwana uku. Damin da Malam ya yaba kuwa iri ne. Shi ne geron kakanmu, Kaka Hamma, wanda ya yi ta zaɓa zangarniya-zangarniya har ya samu mai nuna da wuri. Baba ya yi wata biyu suna cin ganyen tafasa da ɗan abin da nake aika masu bai taɓa damin nan ba. Kuka zo, aka ce ɗiyar ƙanwarsa ba ta cin abinci. Asabar da safe ya sauke rabi da hannunsa, ya ce Inno ta sussuka. Kika nemi ƙari, kika nemi na tafiya, Lahadi aka sauke sauran.

Ruwan shuka ya sauka ran Alhamis. Kowa ya fita da sungumi, Baba na zaune a zaure yana gyaran igiyar da ba ta lalace ba. Sai da maƙwabcinsu Alu ya gane, ya kawo mashi ragowar nashi irin, wani gama-gari mai jinkiri. Na Kaka Hamma kuwa an bi gidajen da aka taɓa ba irin, duk yunwa ta sa sun cinye.

Ban ce kin yi da gangan ba. Amma ku mutanen birni kun iya zuwa shan iska a watan da ƙauye ke ɗaure ciki. In akwai sauran tsabar da aka ba ki, ko cikin tafi ɗaya ne, ki ba Rabo direba ya kawo da gaggawa.

Ki gaida Malam. Wassalam.

Mairo

Dutsin-Ma, 9 ga Yuni, 1961

Zuwa ga Mairo.

Ina gaishe ki, in har kina amsa gaisuwata.

Innalillahi. Na karanta a tsaye, na gama a zaune. Mairo, babu sauran tsaba. Washegarin dawowarmu na surfe ta duka, na wanke, na yi fura har na raba wa maƙwabta ina fahariya, wai su ɗanɗana ta gidan kawuna. Na zazzage buhun yau a kan faifai, ƙwaya huɗu suka faɗo.

Abin da ke cina shi ne na gani. Lahadi da nake naɗe kaya na ɗaga kai, na ga igiya na lilo babu dami. Na ce a raina an canza mashi wuri. Na kuma lura Inno ba ta sha furar nan tare da ni ba ko sau ɗaya, kullum sai ta ce ta riga ta sha. Na ga wuyanta yadda ya rame. Na ga komai, daɗin zama ya hana ni tambaya. Kunya ta ishe ni, wallahi ko ƙwarya na kalla sai hawaye.

Da Malam ya dawo na miƙa mashi takardar. Ya karanta har ƙarshe. Can sai ya ce, "Ni na hana ki ɗaukar geron." Na ce ba lokacin rabon laifi ba ne. Sai ya miƙe zumbur, ko hula bai ɗauka ba, ya hau keke ya koma makaranta. Ashe zangarniyar nan ya tuna. Tana nan a bangon aji inda ya kafe ta da ƙusa, yara sun tsattsage ƙasanta, ƙwari sun taɓa wani gefen, amma fiye da rabi na nan.

Ga ta nan na naɗe a sabon ɗankwalina, Rabo zai ba ki hannu da hannu. Don Allah ki kai da kanki, kada ki kwana da ita. Akwai kuma buhun dawa daga Malam. Ki san dabarar da za ki shigar da shi gidan, ni ban da fuskar rubuta wa Kawu. Ki ce mashi kawai Saudatu ta ce ya yafe mata.

Taki mai nadama,
Saudatu

Wurma, 2 ga Yuli, 1961

Daga Tukur ɗan Hamma, ta hannun Malam Mahmuda mai rubutu, zuwa ga ɗiyata Saudatu da maigidanta Malam Hudu.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, Inno na gaishe ku.

Saƙo ya iso. Dawar na so in mayar, Inno ta ce in na mayar za ki yi kuka, sai na bari. Allah ya yi albarka.

Mairo ta yi rashin hankali, na kuma faɗa mata. Ba abin da zan yafe. Ni na sauke damin, ba wanda ya kama hannuna. Uwarki a kan geron nan ta girma, da tana raye da ba za ta ce na yi kuskure ba.

Zangarniyar na murje ta da kaina, na shuka bayan ɗakin Inno. Gindi goma sha ɗaya suka tsiro. Na kewaye su da ƙaya, Inno ta zama mai gadin kaji. An makara, amma na Hamma ne, yana da sauri. Ko za su kai, Allah ya sani.

An ce kina cin abinci yanzu. To kada ki daina saboda wannan magana, in kin daina shi ne na yi asara.

Ku zo da kaka, ɗakin na nan. Sai dai furar bana ta geron Alu ce, ba za ta yi daɗin waccan ba. Ku yi haƙuri da mu.

Kawunki,
Tukur