Ɗan sandan da ya karɓi gadi daga hannun Baba

Macon, Jojiya

Zuwa ga Yayana Wendell,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na jirgin kamun kifi. Allah ya tsare ku daga sharrin teku da sanyin Alaska. Mu nan da sauƙi, sai dai Mama ba ta iya cin abinci sosai, takan zauna kawai a kujerar Baba. Na san saƙon rasuwar ya same ka a tsakiyar ruwa, kuma babu mai ganin laifinka. Akwai dai abin da na kasa faɗa maka a waya.

Ka san tun da ruɗewar tsufa ta kama Baba, rabin hankalinsa ya koma yaƙin Biyetnam. Ana saura mako guda ya rasu, da rana tsaka, ya fizge ƙarfen da ake rataya ledar ƙarin ruwa, ya tare ƙofar ɗakinsu a asibitin tsofaffin sojoji, yana ihu wai yaransa sojoji na barci a ciki, ba mai wucewa. Har ya bugi wata nas a hannu. Da na ji an kira 'yan sandan asibitin sai na tsorata, don ban manta yadda na unguwa suka danne shi a ƙasa bara ba.

Su biyu suka zo. Ƙaramin ya kai hannu ga ankwa, sai babban, Ruben Delgado, ya ce masa ya mayar, nan ba ɓarayi ake kamawa ba. Ya matso, ya ƙame, ya sara wa Baba. Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai kuma daga wace runduna, da wannan tumbin?" Ya ce shi tsohon sojan ruwa ne. Baba ya ce, "Shi ya sa! 'Yan wankan teku." Delgado ya ce, "Haka ne, Saje. An turo ni in karɓe ka gadi, ka je ka huta." Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya miƙa masa ƙarfen, ya gargaɗe shi kada ya kuskura ya gyangyaɗa. Bawan Allahn nan ya tsaya ƙyam a bakin ƙofar har barci ya ɗauke Baba, alhali lokacin tashinsa daga aiki ya wuce.

Daga nan kullum sai ya leƙo. Ranar Alhamis da jikin ya tsananta yana wurin. Baba ya kamo hannunsa ya ce, "Wendell, ka iso?" Delgado ya dube ni. Sai ya amsa, "Na iso, Baba." Bai saki hannun ba har rai ya yi halinsa.

Delgado ne ya wuce gaba da aka lulluɓe gawar Baba da tuta aka turo ta, tsofaffin sojoji a kan keken guragu suna sara masa. Bayan jana'iza ya same ni, hularsa a hannu, ya ce in roƙa masa gafararka don ya amsa sunan da ba nasa ba. Na ce zan isar. Amsar tana wurinka, Yaya.

Mama na gaishe ka, haka Gwaggo Verna da mijina Curtis. Ka gaida Odessa da yara. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Ƙanwarka,
Loretta