Kofin da Haidar Ya Miƙo Mini

Deira, Dubai
Maris 2019

Yaya Hadijatu,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna, ƙafar ta saki? Ya su Sauda da makaranta? Ni lafiya lau, harkar kaya tana tafiya, alhamdulillah.

Yaya, ɗanki Haidar ya ci amanata. Ran Juma'a bayan masallaci ya ja ni otal ɗin da yake aiki, wai in ga wurin. Ya kawo mini wani abu a kofin gilashi, rawaya, mai kauri kamar an matse mangwaro, yana ƙamshin gwaiba. Ya ce, "Kawu, sabon lemo ne, yalla, sha mana." Na kurɓa, ɗaci ya biyo baya kamar shuwaka. Na ɗauka ɓawon lemo ne, na ƙara. Sai na ga abokansa sun ɗaga waya suna dariya. Giya ce, wadda suke kira IPA.

Kin san da jaka ɗaya na zo garin nan, ba wanda ya riƙe mini hannu. Turawa sun miƙo mini giya, Indiyawa sun miƙo, ban taɓa karɓa ba. Ta hannun ɗanki na karɓa, don ban zaci shi ma sai na tambaye shi ba.

Kada ki damu, barci ne kawai ya ɗan yi wuya. Ki tambayar mini Malam hukuncin, amma ban da sunana. Kada Inna ta ji.

Na karɓe makullin gidana a hannunsa. In ya kira ki yana kuka, ki tambaye shi abin da ya ba kawunsa. Allah ya shirye shi.

Ƙaninki,
Gidaɗo