Ƙanena ya ba ni amanar ƙuri'arsa, na jefa wa wadda ya tsana

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu, manya da ƙanana. Ina kwananku, ina gajiya? Don girman Allah a ɓoye sunana, domin mu 'yan Nijar da ke Lyon ba mu da yawa, ko tari na yi za a gane ni. Kuma ina roƙonku ku kai ƙarshen labarin kafin ku zage ni, ni ma ban bar kaina ta huta ba.

Ni mace ce 'yar Damagaram, na daɗe a Faransa, ina aikin sharar ofisoshi, ina zaune a unguwar La Guillotière da 'yata guda ɗaya, mahaifinta ya rasu. Karatuna bai wuce firamare ba. Ni mutum ce mai waswasi, sai in yi alwala in sake, in kulle ƙofa in sauka in sake hawowa in taɓa ta. To mai irin wannan hali ce yau take gaya muku ta ci amana da idonta buɗe, kuma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne har yanzu daɗin abin bai bar bakina ba.

Ina da ƙane, ɗan ƙanwar mahaifiyata, zan kira shi Sani ko da yake ba sunansa ba ne. Lokacin da ya zo karatun injiniya a Villeurbanne, nan kusa da mu, a falona ya sauka, a kan katifata ya kwana har ya gama, ni nake dafa masa tuwo, ni nake wanke masa riguna. Allah ya ɗaukaka shi, ya samu aiki a wani kamfanin haƙar man fetur, ya koma Paris ya yi aure. Ban taɓa yi masa hassada ba, Allah shaidata. 'Yata Ramatu ita ma ta shiga wannan jami'ar, amma ita nata karatun na wutar rana ne da ta iska, irin manyan fankokin nan da ake kafawa a cikin teku.

Da Sallar da ta wuce ya gayyace mu Paris. Na shiga kasuwar unguwarmu na haɗa kilishi da yaji da garin gero, muka hau mota muka tafi da murnarmu. Gidan cike da abokan aikinsa, wasu 'yan Maraɗi, wasu 'yan Nijeriya masu Turanci. Ana cikin cin nama hira ta faɗa kan zaɓen depite, wato 'yan majalisa, da ke tafe, saboda akwai dokar da ake ta rigima a kanta: wasu na so a buɗe haƙar mai a cikin teku a tsayar da kafa fankoki, wasu kuma na so a bar haƙar a rufe a ƙara fankokin. Ramatu ta ce wani abu a hankali, da ladabi. Sai Sani ya ajiye cokali ya ce, "Ah, ga injiniyar fanka ta yi magana! Ramatu, in iska ta tsaya me za ki yi, ki tsaya bakin teku da maficin uwarki?" Falon ya ɗauki dariya. Na ga idon yarinyar ya cika. Na ce, "Haba Sani, 'yarka ce fa, kuma ai rana da iska ba su ƙarewa." Ya juyo yana murmushi ya ce, "Yaya, pardon, wannan magana ta fi ƙarfin firamare. Je ki duba mana miya." Kuma wallahi na tashi na tafi na duba miyar. Wannan tashin da na yi shi ne yake cina har yau. Me ya sa na tashi? Me ya sa ban ce masa da wannan firamaren na ciyar da shi ba? A hanyar dawowa Ramatu ta jingina kanta da gilashin mota har Lyon.

Ana saura kwanaki zaɓe sai ga wayarsa. Kamfani zai tura shi aiki a tsakiyar teku, ba zai dawo ba sai an gama duka zagaye biyu na zaɓen, kuma ashe tun da ya koma Paris bai canza wurin zaɓensa ba, sunansa na nan unguwarmu. A nan ƙasar idan ba za ka samu zuwa ba, kana iya wakilta wani ya jefa maka, suna ce masa procuration. Ni da shi kuma duk muna da takardun zama 'yan ƙasa. Ya ce, "Yaya, na riga na je wurin 'yan sanda na ba da sunanki. Ba sai kin yi tunani ba, ki ɗauki takardar mutumina ki sa a ambulan, shi ke nan." Bai tambaye ni ko na yarda ba. Bai ambaci ranar Sallah ba. Ya ce in ce wallahi, na ce wallahi. Bayan ya kashe ya turo mini hoton ɗan takarar, mai son a haƙa man, ya zagaye fuskarsa da jan layi, ya rubuta a ƙasa: mai furfurar nan, kada ki ruɗe. Jama'a, ni da nake karanta sunan kowace tashar jirgin cikin gari, ni da nake karanta takardun likita, ni ce za a zana wa fuska kamar mai neman ɓatacciyar akuya?

Ranar Lahadi na yi wanka na sa lesina mai kyau na tafi makarantar da muke zaɓe. Ban fito gida da niyyar komai ba, ko kuwa na fito da ita ban gaya wa kaina ba, Allah ne masani. Na fara jefa tawa. Sannan na nuna ni wakiliya ce, aka ba ni ambulan na biyu, na kwashi takardun 'yan takara daga tebur na shiga bayan labule. Ga mai furfura a hannun dama, ga matar nan mai son fankoki a hannun hagu, wadda Sani ke kashe tele in ta fito. Sai na ji muryarsa a kunnena, je ki duba mana miya. Na ninke takardar matar na sa a ambulan ɗinsa, na sake buɗewa na duba don in tabbatar ita ce. Da na jefa, mai kula da akwatin ya kira cikakken sunan Sani da ƙarfi ya ce, "A voté," wato ya yi zaɓe. Wallahi ban taɓa jin sanyi a ƙirjina irin na wannan lokacin ba. Takardar mai furfurar kuwa na kawo ta gida, na goge kaskon da na soya kifi da ita.

Kada ku ɗauka kishin iska ko rana ne ya sa ni. Ni ban fahimci dokar nan sosai ba, ban san wa ke da gaskiya tsakaninsa da Ramatu ba, mai yiwuwa ma shi ne. Rama wulaƙanci na yi, ba wani abu ba. Amma tun daga wannan rana, sallata ba ta zauna ba. In na ɗaga hannu sai in tuna na ce wallahi. In na ga motar 'yan sanda ta tsaya a layinmu sai in yi ta leƙe ta taga, ko da yake na san ba mai ganin abin da ke bayan labule. Na tambayi matar limaminmu a kaikaice, na ce, "Hajiya, in an aiki mutum ya sayo gishiri ya sayo sukari da gangan fa?" Ta dube ni ta ce, "Ya dogara ga abin da mai aiken ya yi masa, amma dai amana sunanta amana." Na dawo gida ba ta rage mini komai ba. Ramatu ba ta sani ba, kuma ina tsoron in gaya mata ta yi murna, ya zama na koya mata cin amana da hannuna.

Yanzu mai furfura da matar nan su biyu suka rage, za a sake zaɓe wannan Lahadin, kuma wakilcin yana nan a hannuna. Na riga na lallashi zuciyata cewa sau ɗaya ya isa, wannan karon zan jefa masa abin da yake so in yi azumin kaffara in rufe bakina. Sai jiya ya kira daga teku, iska na kaɗa wayar. Ya yi ta godiya, har ya ce, "Allah ya bar zumunci, Yaya," sai na ji hawaye ya taho mini, na buɗe baki zan faɗa masa gaskiya. Kafin in yi magana ya ce, "Kin san dalilin da ya sa na zaɓe ki? Ina da abokai da yawa a Lyon, amma masu karatu ba a ba su irin wannan, kowa da ra'ayinsa. Ke kuwa ba ki da ra'ayi, hankalina kwance." Ya yi dariya. Ni ma na yi masa dariya na ce, "Haka ne, ƙanena."

To ga ni nan. In na faɗa masa, magana za ta kai Damagaram wurin mahaifiyarsa da ta riƙe ni bayan rasuwar tawa, kuma ba wanda zai tambayi abin da ya yi mini. In na jefa wa mutuminsa, na tabbatar masa da maganarsa. In na sake jefa wa matar, na san abin da ke jirana gaban Allah, kuma gaskiyar da nake jin kunyar rubutawa ita ce wannan na ukun zuciyata ta fi so. Lahadi za a miƙo mini ambulan da sunansa, labule zai rufe, daga ni sai Ubangijina. 'Yan uwa, ku gaya mini tsakaninku da Allah, me zan yi?