Lambobi Sun Ɓace wa Baba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya maigidanki da yara? An sallamo Baba daga asibiti. Ƙafa ta warware, baki garau, har faɗa ya yi mini don shayi ya huce. Sai dai lambobi sun ɓace masa. Likita ta ce shanyewar jiki kan taɓa wurin lissafi kaɗai a ƙwaƙwalwa. Na rubuta masa bakwai, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ƙugiya ce?" Mutumin da ya tsufa yana koyar da lissafi!

Ga shi tsofaffin ɗalibansa na jiran laccar da ya yi musu alkawari kan tarihin lambobi. Ya ce zai je.

Ƙanenki, Auta

*

Auta,

Ina amsawa. Kada ka kuskura ka kai shi. Ka ce musu likita ta hana. Na zauna a ajinsa, na san yadda ƙarti ke rawar jiki in ya ɗauki alli. Ba zan yarda su zauna suna jin tausayinsa ba. In wani ya tambaye shi uku da huɗu fa?

Ka gaishe shi da jiki.

Yayarka

*

Yaya,

Bayan gaisuwa, ƙarya ba ta yiwu ba, don haruffa bai manta su ba: shi ya karanta wasiƙarki da kansa. Ya ce taurin kansa kika gada.

Ya sa na ɗebo masa tsakuwa da igiya. Wai makiyayan farko ba su san "goma" ba. Tunkiya ta fita, a jefa tsakuwa a jaka. Ta dawo, a cire. In tsakuwa ta rage, akwai tunkiyar da za a nema. Daga baya aka zo ga ƙulli a igiya da tsaga a sanda, sifili kuwa sai can daga baya ya zo. Ya ce, "Da a littafi nake karanta mutanen nan, yanzu maƙwabtana ne."

Ba kullum yake raha ba. Jiya na same shi riƙe da waya, yana son kiranki, ya rasa inda zai danna. Zan kai shi, Yaya. Ki yi haƙuri.

Auta

*

'Yata,

Allah ya yi miki albarka. Ni ke faɗa, Auta ke rubutawa. Na je. Tun kafin in zauna na gaya musu abin da ya same ni, don kada wani ya wahalar da kansa da raɗa. Na yi tuntuɓe a wurin bayanin sifili, wata ɗalibata da ta zama injiniya ta tashi ta rubuta mini shi a allo, muka ci gaba.

Za ki tambayi mutum nawa suka zo. Ban sani ba. Na dai ga kowace kujera da mutum a kanta, wasu kuma a tsaye.

Ki kira ni, ɗauka ba ta gagare ni ba.

Babanki