Ƙwaƙwalwar Ameera

Jikwoyi

Yaya Fu'ad,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Anti Nafeesa da yara.

Tun bara ka ɗebi jinin Ameera, ka sa aka ɗauki hoton kanta, ka ce za ka duba a ɗakin bincikenku. Har yau shiru. Ta kusa shekara uku, ba ta zama, wuyanta bai tsaya ba, farfaɗiyar kuma sai ƙaruwa take. Na kira ba ka ɗauka. Na zo ofis, aka ce oga na mitin. Don Allah ka gaya mini abin da ke damun 'yata.

Ƙanwarka,
Rukayyat

*

Rukayyat,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya.

Lokacin da ƙwaƙwalwar jariri ke ginuwa a ciki, akwai sinadaran da ke manne ƙwayoyinta da juna kamar gam. Su ne ke nuna wa kowace ƙwaya ina sama ina ƙasa, har ta je ta zauna a layinta. Na Ameera ba sa kamawa. Ƙwayoyin sun watse tun kafin ki haife ta. Babu magani, kuma ba za ta daɗe ba. Ki daina yawon asibiti.

Irin nata ba a cika samu ba. Na nuna hotunan a wani taro, an yaba ƙwarai, amma hoto bai isa ba. Idan lokacin ya zo, ki kira ni kafin a yi mata wanka. Ƙwaƙwalwar nake so, kuma da wuri, don saurin lalacewa gare ta. Za a ɗinke wurin, likkafani zai rufe. Kada ki gaya wa mijinki, Ilyasu ba zai gane ba.

Ki huta lafiya.
Dakta Fu'ad

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Allah ya yi wa Ameera rasuwa ranar Talata da hantsi, a kan cinyata. Ni na wanke ta, na taje mata gashi. An kai ta bayan azahar, ba wanda ya taɓa mata kai. Da gangan ban kira ka ba.

Kai ka yi mata huɗuba ranar da aka haife ta, Yaya. Amma ko da sallah ba ka taɓa tambayar lafiyarta ba.

Ka gaida gida.
Rukayyat

*

Rukayyat,

Allah ya jiƙanta. Kin binne mini aikin shekara biyu.

Umma ta ce kina da ciki. Mai yiwuwa shi ma haka zai fito. Wannan karon ki kira ni.

Yayanki,
Fu'ad